Ku da Kuka Ce Ba Zan Kai Linta Ba

Ku 'yan majalisar masu shakka! Ku matsa mini in zauna. Da ƙurar siminti a gira na zo, don kada wani ya ce labarin ƙanzon kurege zan ba ku. Na san ku sarai. Ku ne kuka ce ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata ba ya gina gida a wannan zamani sai in ya taɓa abin da ba nasa ba. Ku ne kuka ce filin da na saya a bayan gari, inda sai an sauka daga A Daidaita Sahu an ƙara da ƙafa, gonar gero ce aka yi mini wayo da ita. A nan kam kun yi gaskiya, gonar gero ce, har kara na tarar a tsaye. Akwai wani Bazazzagi a cikinku, ba zan kama sunansa ba saboda yana da surukai, wanda ya rantse in na kai linta zai yi mini aski da hannunsa. Yau shekara huɗu da zuba linta, Malam Bazazzagi. Ga sumata ta yi gizo, ina jira.

Duk wanda ya tare ni ya ce, "Nawa ka kashe?" buhun siminti yake so in lissafa masa. Ni kuwa ba siminti ne ya hana ni barci ba. Abin da ya wahalar da ni duk abin da ba a gani ne in an tsaya a ƙofar gida: takarda, da abin da ke binne a ƙasa, da kalmar nan ta "ba komai" da na sha daga bakin dillali da magini da 'yan uwa, har na zo ina jinta gabana ya faɗi.

Na ga Alhaji na can gefe yana murmushi. Na san abin da zai ce. "Wace takarda kuma? Mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa, liman ya yi addu'a, an raba goro, dillali ya karɓi la'adarsa. Me ya rage?" Allah ya ƙara maka lafiya, Alhaji, gwamna ne ya rage. Tun 1978, lokacin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta a matsayin amana, kuma aka cusa dokar cikin tsarin mulki yadda ba a taɓa ta cikin sauƙi. Abin da kake samu izinin zama ne, galibi na shekara 99 in gidan zama ne, shaidarsa kuwa ita ce takardar nan da kowa ke kira satifiket. A cikin birni gwamna ke bayarwa, a karkara ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. In kuma daga hannun mai satifiket ka saya, sashe na 22 ya ce sai da yardar gwamna cinikin zai tsaya. Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa a wannan batu tun 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, inda jinginar gida ta rushe saboda babu wannan yardar. Banki guda, da lauyoyinsa masu baƙar riga, ya yi tuntuɓe a nan. Kai kuma kana taƙama da fallen littafin rubutu na 'yan firamare da aka dangwala wa yatsa.

Ba raina takardar mai unguwa nake yi ba, ni ma da ita na fara, kuma ranar rigima shi ne zai ce ya san kakan mai gonar. Amma ita shaidar ciniki ce, ba ta gaya maka ko gwamnati ta riga ta zana titi ko makaranta a kan wurin. Wannan sai ka taka ka je ofishin da ke riƙe da taswira da rajistar filaye: KANGIS in a Kano kake, KADGIS in a garin su Bazazzagi ne, AGIS in Abuja ce. Ka biya kuɗin bincike kafin ka biya kuɗin fili. Na san za ku ce ofis akwai jeka-ka-dawo. Akwai ƙwarai. Na je na dawo har mai gadin wurin ya fara tambayata lafiyar yara. Amma jeka-ka-dawon ofis takalmi yake cinyewa, na kotu kuwa har gida yake haɗawa.

Nawa filin awon igiya ne, kuma bari in ba ku yadda aka auna shi don ku sami abin dariya na yau. Dillali ya zo da igiyarsa da yaro ɗaya da turaku huɗu. Ya tsaya ya nuna da baki: "Daga wannan darbejiyar zuwa wancan surin, hamsin. Daga surin ka miƙe gabas, ɗari." Yaro ya ja igiya, igiyar kuwa ta roba ce, ana ja tana ƙaruwa. Aka kafa turaku, na ɗora bulo ɗaya a kan kowanne, na koma gida ina jin kaina kamar mai gari. Damina biyu ta wuce kafin in tara kuɗin tushe. Da na dawo, an sare darbejiya an yi itace, suri ya bi ruwa, bulona huɗu sun sami wanda ya fi ni buƙata, maƙwabcina na kudu kuma ya ja katangarsa ta shigo mini ƙafa huɗu. Mutumin kirki ne, bai yi da gangan ba, igiya ɗaya ce ta auna mana duka, kawai ranar tasa ta fi miƙewa. Sai da na ɗauko safiyo da na'urarsa, ya kafa duwatsun iyaka na kankare masu lamba, muka zauna gaban dagaci sau uku, sannan aka raba asarar biyu. Kuɗin safiyon da na ƙi biya da farko don ina ganin almubazzaranci ne, na biya shi daga baya, na ƙara da ƙafa biyu na fili da ragon sulhu.

Ku ƙara da wannan, kyauta na ba ku: in filin gado ne, kada ka yarda da babban wa shi kaɗai, ko da gemunsa ya kai cibiya. Ka ga takardar rabon gado, ka ga sauran magada, mata da maza. Wata ƙanwa da ke aure a Gusau tana iya dawowa bayan ka yi rufi, kuma alƙali zai saurare ta. Sannan ka je ganin fili a watan Agusta, washegarin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A watan Maris kowane kwari tudu ne a bakin dillali.

Yanzu ga wanda ya fi ba ku haushi, izinin gini. "Filina, kuɗina, sai na nemi izinin wani kafin in ɗora bulo?" Haka ne, ranka ya daɗe. A Kano KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA, kowace jiha da tata. Za su nemi shaidar mallaka da zanen gida daga mai zane mai rajista, in bene ne kuma da lissafin injiniya na ginshiƙai da rodi. Za su duba ko ka bar tazara tsakaninka da titi da maƙwabta, ko ka hau magudanar ruwa, ko ka shige ƙarƙashin babban layin wuta. Layi mai ƙarfin 132kV ana bar masa mita 15 kowane gefe, mai 330kV mita 25, duk arahar da aka yi maka a wurin ba ta kai ranka ba. Wanda ya ƙi, ya san jan fenti. Kun sha gani a jikin katangu, gicciye ja da rubutu a gaggauce, mai gida kuma ya sa yaro ya shafe da farar ƙasa da dare, kamar wanda ya rufe ido ya ce ba a ganinsa.

Za ku ce, "Ai unguwarmu kaf ba mai izini, ga mu nan shekara ashirin." Na yarda. Mutanen Abuja ma haka suke faɗa kafin Malam Nasiru el-Rufa'i ya zama minista a 2003, har sunansa ya koma Mai Rusau. Mu Kanawa kuma mun ga namu rusau a watan Yunin 2023, ba sai an ba mu labari ba. Ban shiga siyasarsa ba, kowa da ra'ayinsa. Abin da na tsinta kawai shi ne katafila ba ta tambayar shekarun da ka yi a wuri. Ko a inda gwamnati ta karɓi fili bisa ƙa'ida don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ka gina ce ko ka shuka a kai, kuma mai takarda shi ke da bakin magana a layin karɓa.

To, mu zo kan kuɗi, tunda na ga kun fara hamma. Kada wanda ya tambaye ni adadi, domin duk adadin da na faɗa yau ƙarya zai zama kafin ku gama karantawa. A farkon 2020 buhun siminti mai kilo 50 bai kai naira 3,000 ba. Aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira ta nemi farashinta, zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura 10,000, har ministan ayyuka David Umahi ya tara su Dangote da BUA da Lafarge aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000. Mai shagon unguwarmu da na kai masa labarin, cewa ya yi in je in saya a wurin ministan. Saboda haka ni na daina lissafi da naira, na koma lissafi da bulo da buhu da tifa, su ba sa canja adadi da dare.

Ga misali, ku ɗauko biro. Fili hamsin da ɗari, kewayensa ƙafa 300 ne, wato kusan mita 91. Tsawon bulo santimita 45, ke nan layi ɗaya na katanga yana cin bulo wajen 200. Layi goma, don kada mai wucewa a kan raƙumi ya ga tsakar gidanka, bulo 2,000 ke nan, ban sa na cikin ƙasa ba. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kuwa bulo wajen 400 yake ci daga ƙasa zuwa rufi. Ashe katangar da kake cewa "bari in ɗan zagaye wurin tukuna" ta haɗiye bulon ɗaki biyar, ba ka da inda za ka sa kai in hadari ya taso. Mu kuma Hausawa ba ma iya zama ba katanga, gida ba sutura ai kango ne. Ni dai haɗa kai na yi da maƙwabta biyu muka raba kuɗin bangon da ke tsakaninmu, aka rubuta aka sa hannu, tunda na riga na ɗanɗana "ba komai".

Shi ma bulon iri-iri ne. Maginan kirki sukan ce buhu ɗaya kada ya wuce bulo talatin zuwa talatin da biyar na inci tara. Akwai masu buga bulo da ke matsa wa buhu har ya haifi hamsin, su yayyafa masa ruwa sau ɗaya, su jera a rana, su sayar maka da rahusa kana godiya. Gwajin ba wuya. Ka ɗaga ɗaya daidai ƙirjinka ka sake shi, ko ka karce shi da ƙusa. Ranar da na fara yi, bulo ya watse kamar ƙuli-ƙulin da aka taka, mai wurin ya dube ni ya ce ai ni ne na jefar da shi da mugunta. Kankare kuma ma'auninsa na yau da kullum ɗaya, biyu, huɗu ne: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Magini mai sauri zai ce maka ya bushe tun jiya. Bushewa daban, ƙarfi daban. A nan zan ɗan daina wasa. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, kuma a nan Kano mun ga bene mai hawa uku ya zube a titin Beirut a Agustan 2022 ana tsakiyar gininsa. In za ka hau sama ko da hawa ɗaya ne, nemi injiniya mai rajistar COREN ya lissafa maka rodi, ya zo ya gani da idonsa kafin a zuba dekin. 'Ya'yanka ne za su kwana a ƙarƙashi.

Ina mai cewa, "Ni ba ni da matsala, ƙanina zai tsaya mini"? Sannu da ƙoƙari. Ni ma ɗan uwa na sa da farko, yaro mai hankali, ba ya ɗauke-ɗauke. Matsalarsa kunya. Magini ya girme shi, ya kira shi "ɗana", shi ke nan, ko buhu goma aka ce sun ƙare kafin azahar ba zai iya cewa a nuna masa fankon buhunan ba. Daga baya na koyi ƙirga fanko da kaina kowace yamma, na koyi tsayawa a kan tifa in leƙa kafin ta juye, domin akwai tifar da ke tasowa a cike ta iso da rabi, wai hanya ce ta girgiza ta. Na kuma gane bambancin kuɗin yini da jinga. In ka biya da yini, bango yana tafiya kamar hawainiya, ana shan shayi sau uku. In ka ba da jinga, bango yana tashi kamar an kunna masa wuta, sai ka sa ma'auni ka ga ya karkata wajen alƙibla don kansa. Kowanne ka zaɓa, ƙafarka ce maganinsa. Kuma kada ka biya kuɗin aiki duka a gaba, ko da a sahun farko kuke salla tare.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya taɓa tambayata a majalisar nan, alhali ya fi tayil muhimmanci: ina za a haƙa rijiya, ina za a haƙa sokawe? Ma'aikatan lafiya suna son a bar kusan mita 30 tsakaninsu. Tsawon fili hamsin da ɗari gaba ɗayansa mita 30 ne da 'yan kai. Ke nan rijiya a wannan ƙarshe, rami a wancan, sannan ka leƙa ka ga inda maƙwabci ya haƙa nasa, don kada ka yi gudun naka ka faɗa nasa. Wanda ya sayi rabin fili kuwa, sai ya haɗa kai da 'yan layi a yi burtsatse ɗaya a inda ya dace. In ba haka ba, kuɗin da aka yi tsimi a wurin haƙa, asibiti za a kai shi da sunan taifot.

Ɗan haya, na ga hannunka a sama tun ɗazu. Kana cewa da wannan wahala gara ka biya haya ka yi barcinka, jarinka yana juyawa a kasuwa. Wallahi ba ka yi ƙarya ba, kuma ba zan yi maka gardamar dole ba. In kai ɗan Kantin Kwari ne, kuɗin da za ka binne a tushe yana iya haifar maka riba biyu kafin shekara. Ni da ba ni da shago, nairar da na ajiye a banki kullum ramewa take yi, bulon da na ɗora kuwa yana nan inda na bar shi. Ma'aikacin gwamnati kuma ana yankar masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashi zuwa asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke riƙe da shi, yana ba da rance a kan ruwa kashi 6, a biya har cikin shekara 30. Da yawanmu muna jin kalmar ruwa muke ja da baya, ni ma ban karɓa ba. Akwai bankunan da ba sa harka da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Amma ko wanne ka nufa, kafin a ba ka kujera za a ce ina satifiket. Ka ji, Alhaji? Mun sake dawowa kan fallen takardarka.

Ni da adashi na yi nawa, da kuɗin wata tsohuwar mota, da awakin uwargida guda shida waɗanda har yau ake karanta mini su duk ranar da muka saɓa. Shekara ɗaya tushe, shekara ɗaya bango zuwa taga, shekara ɗaya ba a ɗora ko bulo ɗaya ba saboda an yi haihuwa da rashin lafiya. Lokacin ne kuka fi jin daɗina, kuna tambaya ko in ba ku aron kangon ku ɗaure tumaki. Da aka buga kwano na ɗauka an gama, har na fara gayyatar mutane walima. Ashe rufi tsakiyar hanya ne. Filasta, wayar wuta, famfo, ƙofofi, tagogi da ƙarfen tsaro, silin, daɓe, fenti, kowanne da mai sana'arsa, kowanne kuma zai buɗe baki da zagin aikin wanda ya riga shi. Mai wuta ya fasa bangon da mai filasta ya gama jiya. Mai famfo ya fasa daɓen da aka zuba shekaranjiya. Da na sa bututun waya da na ruwa tun bango yana tashi, da ban biya kuɗin filasta sau biyu ba. Uwargida kuma ta je gidan biki a Nasarawa ta ga wani tayil mai ƙyalli, daga ranar kasafin kuɗina bai sake komawa daidai ba.

Mun tare dai, shekara bakwai cif bayan igiyar roba. Ɗaki biyu da falo an gama, na uku babu silin, in ana ruwa sai mu koma can mu yi shiru don ba mai jin wani. Satifiket yana cikin leda, cikin akwati, ƙarƙashin gado, na fi lallaɓa shi fiye da takardar digirina.

Saboda haka, Malam Bazazzagi, ranar Asabar bayan la'asar. Ka sauka a inda kwalta ta ƙare, ka miƙe har ka ga katangar da ba filasta da 'yar darbejiya a ƙofa, ni na dasa ta, kuma ba ita ce iyaka ba. Ka zo da askarka da sabulunka, ruwa dai akwai. Ka ɗaga murya wajen sallama, ƙararrawa tana cikin kasafin baɗi.